Jimmy White: wasan ƙarshe shida babu kofi, rashin sa'a ne ko laifinsa?

Tambaya: Malam, ina yawan jin masu sharhin sinuka suna ambaton Jimmy White da girmamawa, har shi kansa Ronnie O'Sullivan, wanda ya ci kofin duniya sau bakwai. Da na bincika sai na ga bai taɓa cin kofin duniya ba, sau shida yana zuwa wasan ƙarshe ana doke shi. Wasu sun ce mini rashin sa'a ne, wasu sun ce tsoro ne yake kama shi. Wanne ne gaskiya? Kuma me ya sa ake ɗaukaka mutumin da bai ci ba?

Amsa: Ɗan'uwa, duka bayanan biyu da aka ba ka ba su gamsar da ni ba. Wasan ƙarshe na gasar duniya kwana biyu ake yi ana buga shi, kuma sai mutum ya ci firam 18 kafin a miƙa masa kofi (firam shi ne zubi ɗaya na wasa, daga jera ƙwallaye har a samu wanda ya fi maki). Sa'a tana iya ba ka firam ɗaya ko ta ƙwace maka biyu, amma ba ta da ƙarfin da za ta juya wasa mai wannan tsawo har sau shida. Batun tsoro kuwa, matsoraci ba ya zuwa wasan ƙarshe shekara biyar a jere, daga 1990 zuwa 1994, domin kafin ya isa can sai ya kayar da mutum huɗu cikin mako biyu, kowannensu gwani ne. Abin da na yarda da shi shi ne, baiwar White ta isa ta ci kofin nan har ta yi saura, sai dai yadda ya tafiyar da rayuwarsa idan ya bar tebur bai bar masa ɗan rarar da ake buƙata ba a gaban mutum biyu da ba sa yafe kuskure, Steve Davis da Stephen Hendry.

Mu fara daidaita abu ɗaya. Teburin da samari ke kewayewa a bakin titi a Kano ko Kaduna suna ce masa sinuka, galibi na wasan pool ne, ƙarami, mai ramuka masu faɗin baki. Teburin da White ya yi rayuwarsa a kansa tsawonsa ƙafa 12 ne, faɗinsa ƙafa 6, ramukansa shida kuma bakinsu a matse yake. Akwai jajayen ƙwallaye 15, kowace maki ɗaya. Sai masu launi shida: rawaya 2, koriya 3, ruwan ƙasa 4, shuɗiya 5, ruwan hoda 6, baƙa 7. Ka jefa ja, ka bi ta da mai launi, alƙalin wasa ya ciro mai launin ya mayar da ita mazauninta, ka sake neman ja. Idan jajaye suka ƙare sai a bi masu launin bi da bi, daga rawaya zuwa baƙa. Wanda ya haɗa kowace ja da baƙa, sannan ya share saura, ya tara 147, wato iyakar abin da aka saba samu a hawa ɗaya, ma'ana jerin bugun da mutum ke yi ba tare da ya kuskure ba. Da zarar ka kuskure kuwa, sai ka koma kujera ka zauna. Ka riƙe batun kujerar nan, domin rabin labarin White a kanta ya faru. A ƙwallon ƙafa idan an ƙwace maka ƙwallo kana iya bin mutum da gudu. A sinuka ba ka da abin yi sai kallo, hannunka riƙe da sanda, abokin karawarka yana cinye makin da da naka ne.

An haifi White ranar 2 ga Mayu, 1962, a unguwar Tooting da ke kudancin Landan. Bahago ne. Tun yana ƙaramin yaro ya fi sanin hanyar gidan sinuka na Zan's da ke unguwarsu fiye da hanyar aji, shi da abokinsa Tony Meo, wanda shi ma daga baya ya zama ƙwararren ɗan wasa. Ba a makarantar horo ya koyi wasa ba, a wasan kuɗi ya koya: ana ɗaukarsu a kai su gidajen wasa na wasu unguwanni da garuruwa, su kara da manyan mutane a kan fare. Irin wannan tarbiyya tana koya wa yaro abubuwa masu amfani ƙwarai. Tana koya masa kada hannunsa ya yi rawa idan kuɗi na kan layi, tana koya masa ya gama firam a hawa ɗaya kafin wancan ya farga. Abin da ba ta koya masa shi ne ya kwanta da wuri, ya tashi ya maimaita bugu ɗaya sau ɗari shi kaɗai a ɗaki babu mai tafa masa. A 1979, yana ɗan shekara 16, ya ci gasar 'yan wasan da ba ƙwararru ba ta Ingila. A 1980 ya ci ta duniya a Tasmania ta Ostireliya yana da shekara 18, mafi ƙarancin shekaru da aka taɓa gani a lokacin. A shekarar ya shiga sahun ƙwararru, aka laƙaba masa sunan Guguwa saboda saurinsa.

Mutane da yawa suna zaton gwanintar sinuka ita ce jefa ƙwallo a rami. Wannan kowa ya daɗe a tebur zai iya. Gwaninta tana wajen farar ƙwallo, wato inda za ta tsaya bayan ta yi aikinta. Ka bugi fara a ƙasa da tsakiyarta, bayan ta daki 'yar'uwarta sai ta dawo da baya. Ka buge ta a sama, ta bi gaba. Ka buge ta a gefe, sai ta canza hanya idan ta taɓa bango. A shekarun 1980 ƙyallen tebur ya fi na yanzu kauri da nauyi, jawo fara da baya mai nisa aiki ne ja, amma White yakan jefa ja daga wancan ƙarshen tebur ya jawo fara ta dawo har inda yake tsaye, ba tare da ya nuna ya sa ƙarfi ba. Sirrin yana wuyan hannunsa da yadda kan sandarsa ke ratsa ƙwallon ya wuce, ba ya tsayawa a fatarta. Fara a hannunsa kamar doki ce a hannun gwanin mahayi ranar hawan sallah, linzami kaɗan zai taɓa ta juya. Haka kuma a zamaninsa ana lissafa shi cikin waɗanda suka fi kowa iya aiki da sandar tallafi, wadda ake ɗora sanda a kan giciyenta idan ƙwallo ta yi nisa da hannu. Yawancin 'yan wasa gudunta suke yi, shi kuwa bugawa yake da ita kamar da hannunsa.

Ciwon farko ba ma a wasan ƙarshe ya same shi ba. Tun 1977 ake yin gasar duniya a gidan wasan kwaikwayo na Crucible da ke Sheffield, ɗan ƙaramin zaure da ba ya ɗaukar mutum dubu, 'yan kallo na kusa da kai har kana jin numfashinsu. A 1982 White, yana da shekara 20, ya kai wasan kusa da ƙarshe da Alex Higgins na Ireland ta Arewa, mutumin da yake kallo a matsayin gwarzonsa. Ana neman 16. White na da 15, Higgins na da 14, kuma a firam ɗin da ake ciki White na gaba da maki 59 da babu. Sai ya kuskure ja da sandar tallafi, abin da ya fi kowa iyawa. Higgins ya tashi ya tara 69 a hawa ɗaya, hawan da har yau ake nuna shi, domin kusan kowane bugu fara ba ta tsaya inda ya so ba, amma yana jefawa. Ya ci firam ɗin, ya ci na ƙarshe, 16 da 15, ya je ya doke Ray Reardon ya ɗauki kofi. A lokacin babu wanda ya damu. Yaro ne, kowa cewa yake lokacinsa na zuwa, shi ma haka ya ɗauka. A ganina wannan tabbaci da kowa ya ba shi yana cikin abubuwan da suka cutar da shi.

A 1984 ya ci gasar Masters a Wembley bayan ya doke Terry Griffiths da 9 da 5, sannan ya kai wasan ƙarshe na duniya karo na farko, da Steve Davis. Ranar farko aka tashi Davis na da 12, White na da 4. Washegari White ya fito kamar an canza shi, ya ci bakwai cikin firam takwas na zaman rana, ya matso 11 da 13, ya ci gaba da bin Davis a guje har dare, aka tashi 18 da 16. Ana yawan yaba wannan farfaɗowa, kuma ta cancanci yabo, amma ni ranar farko nake kallo. Wanda ya bai wa Davis ratar firam takwas ya riga ya sayar da wasan tun kafin ya fara bugawa da gaske.

Su waye waɗannan mutum biyu da suka tare masa hanya? Davis, ɗan Landan kamarsa, ya ci kofin duniya sau shida tsakanin 1981 da 1989. Shi ne ya mayar da sinuka sana'a irin ta ma'aikaci: atisaye na sa'o'i kullum, tsayuwa iri ɗaya, bugu iri ɗaya, da wasan kariya, wato idan babu ƙwallo mai tabbas sai ya kai fara can ƙarshen tebur ya manna ta da bango, ya bar ka da wahala har ka gaji ka yi ganganci. Hendry kuwa, ɗan Scotland, ya ci sau bakwai tsakanin 1990 da 1999, kuma shi ne ya fi yi wa White ɓarna, sau huɗu cikin shidan. Abin da zai ba ka mamaki shi ne Hendry ya taso yana sha'awar wasan White. Ya ɗauki irin farmakinsa, jefa doguwar ja tun farkon firam, fasa tarin jajaye da wuri ta hanyar shuɗiya, gama firam a hawa ɗaya, sai ya haɗa shi da horon Davis, a ƙarƙashin manajansa Ian Doyle wanda bai bar shi ya yi wasa da atisaye ba. Makamin White ne aka gyara aka wasa shi aka fuskance shi da shi, a hannun wanda ya girme wa da kusan shekara bakwai.

Shi kuwa White, a shekarun da waɗannan ke kulle kansu a ɗakin atisaye, yana yawon dare. Wannan ba tsegumi ba ne, shi da bakinsa ya faɗa, ya kuma rubuta a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2014: giya, caca da ta cinye masa dukiya mai yawa, da hodar ibilis, har da wani ɗan lokaci da ya faɗa wa nau'inta mafi muni da ake zuƙa. Ina faɗin wannan ne da baƙin ciki, ba don in ci mutuncinsa ba. Gasar duniya kwana 17 ce. Wanda zai ɗauki kofi sai ya ci firam 71 a wasanni biyar. Ba ƙarfin damtse take nema ba, natsuwa take nema wadda ba ta yankewa, ta sa'o'i a tsaye da sa'o'i a kan kujera. Irin wannan natsuwa ba a ranar wasa ake samo ta ba, tara ta ake yi wata da watanni. A gajeren wasa baiwa takan rufe wannan giɓi. A dogon wasa da Hendry, giɓin sai ya bayyana a firam biyu ko uku, kuma iyakar abin da ake buƙata ke nan.

Uku daga cikin wasannin ƙarshen ba sa buƙatar dogon bayani, domin ba su taɓa shiga hannunsa ba. A 1990 ya kayar da Davis da 16 da 14 a wasan kusa da ƙarshe, mutane suka ce shi ke nan hanya ta buɗe, sai Hendry mai shekara 21 ya doke shi da 18 da 12. A 1991 John Parrott na Liverpool ya buga zaman farko da ba a cika ganin irinsa ba, ya ci firam bakwai White bai ci ko ɗaya ba, aka ƙare 18 da 11. A 1993 Hendry ya yi masa 18 da 5, ba a ma kai zaman dare na ƙarshe ba. Babu batun sa'a a nan, an fi shi ne a ranakun.

Wanda ya kamata ka tsaya a kansa shi ne 1992. Kowa 1994 yake ambato, amma a wurina wannan ne kofin da ya suɓuce masa da gaske. A shekarar babu wanda ya fi shi wasa. Ya ci European Open da British Open kafin a zo Sheffield. A zagayen farko, da Tony Drago na Malta, ya yi 147, na biyu da aka taɓa yi a Crucible bayan na Cliff Thorburn a 1983, ya samu fiye da fam 100,000 a kan hawan nan kaɗai. A wasan ƙarshe ya yi gaba da 12 da 6, sannan 14 da 8. Firam huɗu suka rage masa, Hendry kuwa goma. Hendry ya ci ɗaya, aka koma 14 da 9. A firam na 24, na ƙarshe a zaman rana, White na gaba da maki 52 sai ya kuskure ja. Hendry ya tashi ya share teburin ya ƙwace firam ɗin a kan baƙa.

Ka duba lissafin da kyau. Da White ya ci wannan firam, da an tafi hutu 15 da 9, shi yana neman uku, Hendry yana neman tara. Maimakon haka aka tafi 14 da 10, kuma Hendry ne ya fita daga zauren da ƙwarin gwiwa, White ya tafi ɗakin hutu da jan nan tana yi masa yawo a kai na tsawon sa'o'i. Da aka dawo da dare ya sake samun dama a firam biyun farko, duka suka kuɓuce. Daga nan hannunsa ya mutu. Idan ɗan wasa ya daɗe a kujera, ko ya tashi ba ya jin nauyin fara kamar da, sai ka ga bugun da yake yi ido rufe ya gaza da ɗan yatsa ɗaya, na gaba ya ƙara wuya, na bayansa ya gagara. Hendry ya ci firam goma a jere, ya rufe da hawa biyu na sama da maki ɗari, 18 da 14. Me ya kamata White ya yi? A 14 da 8 ba farmaki ake buƙata ba, ɓata wasa ake buƙata: a ja firam ya yi tsawo, a tura masu launi jikin bango, a hana Hendry samun hawa mai daɗi, a ci firam ɗaya ko da mummuna ne. Davis da haka zai yi. White ya iya wasan kariya fiye da yadda ake zato, amma zuciyarsa ba ta taɓa yarda da shi a matsayin hanyar cin wasa ba. A ƙarshen shekarar ya ci Grand Prix, ya kuma ci gasar Birtaniya ta UK Championship bayan ya doke Parrott da 16 da 9, abin da ke nuna maka irin ƙarfin da yake da shi a 1992.

Sai 1994, wanda aka kammala ranar 2 ga Mayu, ranar da ya cika shekara 32. Hendry ya buga yawancin gasar da tsagewar ƙashi a gwiwar hannunsa na hagu bayan ya faɗi a banɗaki. Aka yi ta kai-komo har 17 da 17, saura firam ɗaya. White na kan tebur, yana gaba da 37 da 24, jajaye a warwatse, ƙwallaye sun zauna yadda ake so. Baƙa na kan mazauninta, bugun da ƙwararren ɗan wasa ke yi sau da yawa kullum ba ya ko tunani. Ya sunkuya, ya buga, ta ƙi shiga, kuma ba da ɗan kaɗan ba. 'Yan kallo suka yi wani irin nishi gaba ɗaya. Hendry ya tashi ya tara 58 ya ɗauki kofi.

Idan ka kalli bugun nan a hankali za ka ga abin da masu horarwa ke faɗa kullum. Kafin sanda ta tafi gaba a bugun ƙarshe, akwai ɗan tsayawa da ake so a yi a baya, kamar ƙiftawar ido, domin hannu ya saki, ido ya koma kan ƙwallon da za a jefa. White bugunsa mai sauri ne, tsayawar tasa gajeriya ce tun asali, abin da ke ba wasansa kyau ke nan. To idan matsi ya yi yawa, wannan gajeriyar tsayawa ita ce farkon abin da ke ɓacewa, sai hannu ya fizga. Davis da Hendry sun gina bugunsu yadda ko zuciya na dukan uku-uku jiki zai yi abin da ya saba. White ya dogara ga ji, kuma ji yakan gudu a lokacin da aka fi nemansa. A nan ne zan ba masu cewa tsoro ɗan gaskiyarsu. Ba tsoron Hendry ba ne. White ya doke shi a Crucible a 1988 da 13 da 12, ya doke shi da 10 da 4 a wasan ƙarshe na gasar Classic a 1991, ya sake yi masa 10 da 4 a zagayen farko na gasar duniya a 1998. Nauyin abin da ya faru sau biyar a baya ne, da sanin cewa duk zauren, da miliyoyin da ke gaban talabijin, shi suke so ya ci. Son da jama'a ke yi wa ɗan wasa kaya ne, kuma a kansa yake ɗaukarsa zuwa tebur.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu. Da farko, kada rashin kofin duniya ya sa ka ɗauka hannu wofi ya tashi. Ya ci manyan gasanni goma na tara makin matsayi, daga Classic ta 1986, inda ya doke Thorburn da 13 da 12 a kan ƙwallon ƙarshe, zuwa Players Championship ta 2004 a Glasgow, inda ya doke marigayi Paul Hunter da 9 da 7 yana dab da cika shekara 42. Ya ci Masters, ya ci UK Championship, wato biyu daga cikin manyan kofuna uku na wasan. Ya kai matsayi na biyu a duniya. Akwai waɗanda suka ɗaga kofin duniya sau ɗaya amma duk abin da suka ci a rayuwarsu bai kai rabin nasa ba, kuma babu masanin wasan da zai ce sun fi shi.

Na biyu, yadda yake karɓar kaye. Mintuna kaɗan bayan baƙar nan ta 1994, aka miƙa masa makirufo a gaban duniya. Bai kawo uzuri ba, bai zargi tebur ko 'yan kallo ba. Ya yi murmushi ya ce Hendry ya fara ba shi haushi, zauren ya fashe da dariya. Sau shida ya tsaya yana tafa wa wani yana ɗaga abin da ya fi so a duniya, bai taɓa rage wa wanda ya ci daɗin ranarsa ba. Turawan Ingila, musamman talakawansu masu aikin hannu, sun ga kansu a jikinsa: yaron unguwa mai baiwa, mai rauni irin na kowa, wanda ba ya ɓoye rauninsa. Shi ya sa suke ce masa zakaran jama'a, shi ya sa har yau idan ya shigo zaure sai ka ji ana ƙwala masa kira da sunansa na farko.

Na uku, kuma wanda ya fi muhimmanci a wurina, shi ne abin da ya bari a cikin wasan kansa. Akwai zuriya guda a sinuka ta masu bugawa don a ji daɗin kallo: Higgins ya fara, White ya karɓa ya ƙara mata tsabtar bugu da iko da fara, O'Sullivan ya gaje su ya haɗa da kofin duniya bakwai. Shekarun 1980 su ne lokacin da sinuka ta mamaye talabijin a Birtaniya, har mutum miliyan 18.5 suka raba dare suna kallon wasan ƙarshe na 1985 tsakanin Davis da Dennis Taylor. Davis ne ke cin kofuna, amma yara da yawa da suka ɗauki sanda a lokacin White suke kwaikwayo. Girmamawar da ka ji O'Sullivan na yi masa ta ɗalibi ce ga wanda ya nuna masa abin da zai yiwu, bayan abota da ke tsakaninsu.

Bayan 1994 bai sake kai wa wasan ƙarshe ba. A 1995 aka yi masa tiyata saboda ciwon daji na maraina, ya warke, kuma a shekarar Hendry ya sake tare shi a wasan kusa da ƙarshe da 16 da 12, har da 147 a ciki. A 1999 aka ba shi lambar girmamawa ta MBE. Rabonsa da buga babbar gasar duniya a Crucible tun 2006. A 2017 ya faɗo daga jerin ƙwararru, hukumar wasan ta ba shi katin gayyata saboda abin da ya yi wa sinuka, ya ci gaba da shiga wasannin share fage da yaran da ya yi jika da su. A 2022, yana da shekara 60, ya tsallake share fage ya shiga UK Championship da ƙarfin sandarsa.

Za ka ga an rubuta cewa ya ci kofin duniya na dattawa sau huɗu, a 2010 da 2019 da 2020 da 2023, ukun baya a Crucible ɗin da ta hana shi. Kada wani ya ce maka wannan ya maye gurbin wancan. Gajerun wasanni ne, da 'yan wasan da ganiyarsu ta wuce, kuma shi kansa ya san bambancin. Amma na 2020 yana da daraja a idona: Ken Doherty ya yi masa 4 da babu a wasan da ake neman biyar, White ya ci biyar a jere. Mutumin da aka taɓa cin firam goma a jere a kansa a zauren nan, shi ne ya zauna a kujera bai karaya ba, yana da shekara 58, bayan ya rabu da yawancin abubuwan da suka cinye masa ƙuruciya.

Idan kana so ka gane abin da ake girmamawa, kada ka fara da wasannin ƙarshen. Nemi wasansa na kusa da ƙarshe a Masters ta 1984 da Kirk Stevens na Kanada. Stevens ya yi 147 a firam na tara, zauren Wembley ya rikice da sowa, kowa ya ɗauka wasan ya juya. A firam na gaba White ya tara 119 ya rufe wasan 6 da 4. Ka sa ido a kan fara, ba a kan ramuka ba, musamman a ƙwallaye biyu na ƙarshe, ruwan hoda da baƙa. Bayan nan sai ka kalli zaman rana na biyu na 1992, daga 14 da 8, ka lura da zaɓin da yake yi duk lokacin da yake da damar ya kai fara jikin bango ya koma ya zauna.